Mai Rawanin da Ba Ya Duban Ƙasa

A shekarar da fara ta sauka a gonakin Gure ta bar mana kara tsirara, ina yaro wanda bai isa riƙon hauya ba. Kakata, mahaifiyar Baba, ta makance tun kafin a haife ni. Agana ce ta tafi da idanunta. Duk da haka a ɗakinta ake hura wuta idan ɗari ya shigo, can kuma muke taruwa bayan sallar lisha, ni da ƙannena, kowa na miƙa tafin ƙafarsa wajen garwashi.

A gida irin namu, a wancan zamani, maigida kaɗai ke hawa rumbu. Mace ba ta leƙawa, yaro ba ya tambaya. Baba kuma ɗan fari ne, don haka kunya ta hana Kaka kiran sunansa ko yi masa magana gaba da gaba. “Mutumin nan” take cewa, ko da yana tsaye a bakin ƙofarta.

To, hatsi ya yi ƙasa, kowa ma ya gani. Tuwo ya koma kunu, kunun ya tsinke har kana hango gindin ƙwarya. Ƙanwata Hadiza ta daina wasa, sai kwanciya a inuwa. Ƙanen Baba, Baffa Ari, yana Kelle, inda fara ta yi sauƙi, har ya aiko cewa a zo a ɗiba tun masu roƙo ba su ƙarar ba. Baba ya mayar da ɗan aike da cewa, “Alhamdu lillahi, rumbuna na nan.” A ganinsa, wa ya tafi ƙofar ƙane da taiki wofi, gara ƙasa ta tsage. Inna, mahaifiyarmu, da maƙwabta suka kau da kai.

Wata maraice Baba na zaune kan buzunsa a tsakar gida yana jan tasbaha, mu muna ciki.

“Kai, mijin banza, turo itacen nan,” Kaka ta ce da ni. “Miji ne kai ko kyanwa, kullum gindin murhu?”

Na ce, “Ai ke ce ba ki dama mini fura ba.”

Da wasa na faɗa, amma babu wanda ya yi dariya. Kaka ta juya fuskarta wajen ƙofa, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

“Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri.” Haka take buɗe tatsuniya.

“Ta shigo ta zauna,” muka amsa.

Ta ce an yi wani mai arziki da ya naɗa rawani mai tsawo, har ba ya iya sunkuyawa don kada ya faɗi mutane su gani. Tafiya ta kama shi a cikin rairayi, ya ɗauki wani makaho a bayan raƙuminsa don neman lada. Suna barin rijiya, ƙaya ta huda salka. Makaho ya ji ɗigo, ɗis, ɗis. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ruwanmu na zuba.” Mai rawani ya ce, “Idona biyu, babu abin da na gani.” Bai kuwa yi ƙarya ba, domin gaba kaɗai yake kallo. Suka yi ta tafiya, rana ta take, ɗigon ya fara jinkiri. Makaho ya taɓa salka ya ji ta yi laushi. Ya ce, “Rijiyar baya ta fi ta gaba kusa. In ka juya yanzu mu sha. In ka wuce tudun nan, ungulu su sha.”

A nan Kaka ta yanke labarin. Itace ya yi ƙara cikin wuta.

“Sai me, Kaka?” in ji Hadiza da ƴar muryarta.

“Ban sani ba, ƴar nan. Ni ɗigon kawai nake ji. Akala tana hannun mai ido.”

Ba ta rufe tatsuniyar ba, ba ta kuma kore mu barci kamar yadda ta saba ba. A waje na ji tasbaha ta tsaya. Na kwanta ina juyi, ina tsoron tudun nan kamar a bayan gidanmu yake.

Da gari ya waye, babu Baba, babu jakuna a turke. Kwanakin da suka biyo baya, duk kukan jakin da muka ji sai mu ruga ƙofar gida. Ranar da ya komo daga Kelle da taiki a ɗaure, ya sauke, ya durƙusa a bakin ɗakin mahaifiyarsa ya gaishe ta. Kaka kuwa sai ta kira Inna ta ce, “Ki gaya wa mutumin nan sannu da hanya.” Hadiza ta tashi, ta yi tsawon rai har ta ga jikokinta.

Yanzu da furfura ta cinye kaina, nakan lura da yadda muke jefa kalmar nan ba tare da tunani ba. Mukan ce son abu ya makantar da wane, fushi ya rufe wa wane ido, sai ka ce makaho ne ya koya musu. Wannan aron suna zalunci ne ga Kaka da ire-irenta. Ita ta san abin da ta rasa, ta kuma sa kunne da hannu suka riƙe mata gida. Baba kuwa shi ke fara ganin jinjirin wata a unguwarmu, amma ya tsaya a kan rumbunsa bai ga gindinsa ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, jininsa ne a jikina, ni ma kuma ba na son a gaya mini. Makahon ido yakan miƙa sandarsa a ja shi. Ɗayan kuwa rantsuwa yake yi yana gani, wa zai kama masa sanda?