Yadi Bakwai

A shagon wani mai atamfa aka raɗa mata sunan, tana 'yar shekara goma sha shida. Uwarta ce ta kai ta sayen turmi ɗaya, wato yadi shida, abin da ke isar kowace mace har ƙyalle ya ragu. Mutumin ya dube ta sama da ƙasa, ya ce wa uwar, "Wannan 'yar taki ai sai yadi bakwai." Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, har da uwar. Shi kafin la'asar ya manta. Ita kuwa shekara ashirin da biyar tana amsa sunan.

Ta zama tela, kuma Allah ya ba ta hannu. Shagonta ɗaki ɗaya ne, keke biyu, da dogon madubi da ta rufe da labule, ba a ɗagawa sai mai kaya ta zo gwaji. In tana awo sai ta danne lambar tef da babban yatsa, ta rubuta shiru. Mai kaya ta tambaya, "Ƙugun nawa ne?" ta ce, "Daidai ke." Mata da yawa sun fita shagon nan suna jin su ma wasu ne. Kanta kaɗai ba ta taɓa yi wa wannan alheri ba. In aka taru ɗaukar hoto, ita ce mai riƙe wa mutane jaka. Mijinta direba ne, bai taɓa kushe ta ba, amma shi ma da sunan yake tsokanarta, sai ta yi dariya don kada a ce ba ta san wasa ba.

Tana da shekara arba'in da ɗaya ta fara ramewa. Ga ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, ga gajiya, amma wa ya tambayi wannan? Sai dai mata su ce, "Ma sha Allah, me kike sha? Ki ba mu sirrin mana." Ranar da ta yanka wa kanta turmi ɗaya har ƙyalle ya ragu, ta kulle shago, ta ɗage labulen madubi, ta daɗe a tsaye. Ƙyallen nan ta ninke shi ta sa a jaka, ko'ina da shi take zuwa.

Wata takwas ana haka, ran nan ta yanke jiki ta faɗi a kan keke. Likita ya ce ciwon sukari ne ke cin ta, ya rubuta allurar da za ta riƙa yi kullum. Allura ta karɓe ta, ƙarfi ya dawo, jiki ma ya fara dawowa. Rigar nan ta turmi ɗaya ta soma kama ta a hannu. Wata mai kaya ta leƙo tana dariya, ta ce, "A'a, Yadi Bakwai ta dawo." A ranar ta jefa allurar cikin aljihun keke, tare da tsofaffin zare da maɓallai.

Ƙanwarta ce ta gano, tana neman almakashi.

"Yaya, kashe kanki za ki yi?"

"Ke an taɓa cewa ki matsa a mota kina cin wurin mutum biyu?"

"To sai me? Ai da ranki."

"Wata takwas na yi ina mutum," in ji ta. "Ki bar ni."

Ƙanwar ta yi kuka, mijin ya yi faɗa ya yi lallashi. Takan yi allurar a gabansu kwana biyu, su juya baya ta daina. Abin da ke ƙona rai shi ne masu yabon. Suna ganin ido ya faɗa, ba ta iya zura zare sai ta laluba, amma ba su fasa "kin yi kyau" ba. Ita kuma wannan kalmar take jira tun safe.

Ba ta kai ƙarshen shekara ba. Da safen da ta rasu, ƙanwar ta je shagon nan na farko, don shi ne mafi kusa. Mai atamfa ya tsufa, ya saba sayar wa yayarta yadi bakwai, bai ji labari ba. Da ya gan ta ya washe baki.

"Ina mutuniyata? In nata ne, sai a ƙara ɗaya."

"Fari za ka ba ni," ta ce. "Biyar ya ishe ta."