Zangon da Baba Ya Nema Daga Sama

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Bukar, mai busasshen kifi a kasuwar Baga Road. Allah Ya jiƙansa. Har yau in na ji ƙugin jirgi a saman unguwarmu ta Lamisula, shi nake tunawa.

Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka kama hanyar Makka ta ƙasa. Shekara uku suka yi kafin su ga Jidda, suna tafiya suna tsayawa ƙwadago. A wani zango cikin Sudan mahaifiyarsa ta rasu, aka binne ta a gindin wata aduwa. Sunanta aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Yagana, wato ƙaramar uwa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Shekarar da rikici ya sa aka rufe filin jirginmu muka sami kujerar Hajji, ni da shi. Sai da muka bi mota zuwa Kano, yini guda cur, daga wannan shingen bincike zuwa wancan. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, amma shi ke sauka da fara'a yana yi wa sojoji sannu da aiki.

Da na gaya masa Kano zuwa Jidda ba ta cika awa biyar ba, sai ya ce, "Yagana, ke ce malamar labarin ƙasa. In mun zo saman kabarin Ya, mahaifiyata, ki faɗa mini." Har ma'aikaciyar jirgi ya roƙa ta ce wa direba ya rage gudu a wurin.

Ni kuwa taswirar allo kawai na sani. Ƙasa babu komai sai gajimare. Na yi ta duba agogo, don shekara sittin da ɗoriya yake jiran wannan gaisuwa. Da muka ci rabin tafiya na ce, "Baba, nan ne." Ya dafa gilashin taga, ya karanta Fatiha, ya yi wa mahaifiyarsa magana da Kanuri a hankali, kamar yaron da ya dawo daga aike.

Yanzu akwai jiragen da ke nuna wa fasinja inda yake a bayan kujera. Da yana raye ya gani, na san zai yaba, sannan ya tambaya ina aduwar.

Ƙaryar nan ta ci ni shekara biyu. A ciwonsa na ƙarshe na ce, "Baba, ka yafe mini. Ran nan kintace na yi."

Ya yi murmushi. "Na sani mana. Amma Yagana ce ta ce nan ne. Yaushe ɗa ya fara musu da uwarsa?"

Bai bar gida na gani na faɗa ba, rumfarsa ma wani ke ciki. Abin da ya bar mini shi ne wannan amsa, kuma duk jirgin da na hau zuwa gabas, in an ci rabin hanya nakan dafa taga in gaishe su, su biyu.