Faifan da Ke Kwana a Sabon Gari

Duk wanda ya san Jawahir mai hoto ya san ba ta yarda da kwamfuta ba. 'Yar Rijiyar Lemo ce, iyayenta mutanen Borno, kuma bikin mata shi ne sana'arta: kamu, wushe-wushe, suna. Da ta dawo daga aiki, kafin ta cire mayafi sai ta kwafe komai a faifan ajiya guda biyu, sannan ta buɗe kowanne ta gani da idonta. Ɗaya yana shagonta na Titin Ibrahim Taiwo. Ɗayan kuwa can Sabon Gari take kai shi wurin ƙawarta Bridget mai ɗinki, wadda ke ajiye shi cikin gwangwanin maɓallai.

Masu hoton layin sun sha yi mata dariya. Wai faifai ma har da gidan kwanansa! Ita dai ta hau adaidaita ta bi ta shataletalen Bata, ko ta kansu ba ta bi.

Ran nan aka kawo wuta da ƙarfi. Kwamfuta ta yi ƙauri, faifan da ke jone da ita ya bi ta. Ba a rufa mako ba sai ga Kamila, amaryar da Jawahir ta ɗauki bikinta kwanan baya, ido jawur. Kakarta ta rasu, kuma muryar tsohuwar ba ta ko'ina sai a bidiyon bikin.

"Anti, an ce komai naki ya ƙone."

"Wa ya ce? Taso mu je."

A hanya hankalin Jawahir bai kwanta ba, don faifai ma yakan yi gardama. Da suka isa, Bridget ta zazzage maɓallai ta ciro faifan, ta aro musu kwamfutar maƙwabci. Aka jona. Can sai ga Kaka zaune kan darduma, ta dafa kan amarya tana sa mata albarka da Barbarci, tana yi wa ango tsiya wai ya cika rowa.

Kamila ta fashe da kuka, tana dariya. Bridget, da ba ta jin ko kalma ɗaya, ita ma ta share hawaye da ƙyallen ɗinki.

Jawahir ta ji alfahari har cikin ranta, ba ta kuma ɓoye ba. Amma da Kamila ta miƙa hannu za ta karɓi faifan, sai ta janye shi.

"Tsaya tukuna. Sai na kwafe Kaka a wuri na biyu."