Zuciyar Tafin Hannu

Yayata Rahina ta zo Greensboro ta Amurka daga Funtuwa da ɗanta na fari a goye. Sunansa Abdulmuhaimin, amma ban taɓa jin sunan a bakinta ba. "Wannan yaron" take cewa, ko "yayan Afnan". Haka aka raine mu: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta jansa a jiki. Shi kuwa a nan ya girma, yana ganin iyayen abokansa suna rungumar 'ya'yansu a ƙofar makaranta.

Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Ta daɗe a Summerfield wajen wata tsohuwa Ba'indiya mai ciwon gaɓoɓi, ita ce ta koya mata marma. A maganin gargajiyarsu, in ji tsohuwar, akwai wurare a jiki inda ƙarfin rai yake taruwa: tsakiyar ka, tsakanin gira, tsakiyar tafin hannu. Ana ɗumama man riɗi, a ɗora babban yatsa a wurin, a riƙa murzawa a hankali. Rahina ta yi wa tsohuwar, ta yi wa matan masallacinmu, ni ma ta yi mini da zaman ofis ya riƙe mini wuya. Ɗanta kaɗai ba ta taɓa yi wa ba.

Bara ya samu aiki a Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar. Na kai shi cin abinci a Elm Street, kusa da ofishinmu, ya ce ba ya jin zai riƙa dawowa. "Kawu, Afnan take so. Ni ko sunana ba ta iya faɗa."

Na kai mata maganar yadda ya faɗe ta, ban rage komai ba. Na same ta tana yanka kuɓewa.

"To, so yake in zama Baturiya da tsufana?"

"Yaya, tafiya fa zai yi."

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce. Amma wuƙar ta tsaya.

Ranar Asabar kafin tafiyar, da hantsi, ina falonsu ya fito dafe da kai. Ciwon ɓarin kai yana damunsa tun yana sakandare. Ya tambayi ƙanwarsa inda ƙwayoyin maganinsa suke. Rahina ta shiga kicin, ta fito da mai a ɗan kofi.

"Kai, zauna nan ƙasa."

"Mama, I'm fine."

"Fayin ɗin gidanku. Magani zan yi, ba wasa ba."

Afnan ta yi tsalle. "Kawu, ɗauki hoto! Mama za ta taɓa Yaya!"

"Ke, ɓace mini da gani."

Ya zauna a gabanta, bayansa jingine da gwiwoyinta. Ta murza tsakanin girarsa, ta koma tsakiyar ka, fuskarta a ɗaure kamar ta likita. Da ta gama sai ta kamo hannunsa, ta buɗe tafin, ta ɗora yatsa a tsakiya.

"Tsohuwar ta ce nan ana kiransa zuciyar tafi."

"Mama, kaina ne yake ciwo."

"Na sani. Ni ce mai maganin ko kai?"

Ya bar mata hannun. Ta daɗe tana murzawa, man ya bushe, ba ta saki ba. Na tashi na leƙa taga kamar ina duba motata.

Har yau ba ta kira sunansa ba. Amma ya zo da ƙaramar Sallah, ya zo da babba. Yana ajiye jaka yake cewa jirgi ya sa masa ciwon kai, ita kuma tun da na tafi ɗauko shi ta ɗora man a wuta.