Harawar Mota

Gidanmu gidan kiwo ne. A Kibiya aka haife mu, ni da yayana, kuma tun muna yara muke ganin mahaifinmu yana sayo ramammen sa a kasuwa, haƙarƙari duk a waje, ya ɗaure shi a turke. Harawa, dusa, 'yar kanwa a ruwa. Kafin damina ta faɗi sai ka ga san ya murje, yana jan garma kamar ba shi ba. Baba yakan ce babu dabbar banza, sai wadda ba a ciyar ba.

Da wannan karatun Yaya ya shiga tuƙi. Bayan rasuwar Baba ya sayar da shanun da ya gada, ya sayi tsohuwar mota mai dogon baya, yana jigilar fasinja daga Kibiya zuwa Kano. Ni na tsaya a gona, sai ranar da babu aiki nake bin sa.

Motar ta yi masa biyayya shekaru, sannan ta fara gajiya. In ta yi lodi ta zo hawa, sai ka ji ƙas-ƙas a cikin injin kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, shuɗin hayaƙi yana bin mu a baya. Direbobin tasha suka samu abin tsokana.

"Malam, yau tura ta za a yi, ko a ɗaura mata shanu?"

Yaya yakan yi dariya. Abin da ba ya yi wa dariya shi ne fasinja. In layi ya zo kansa sai su noƙe, kowa ya ce yana jiran wani. Direban da ake gudun motarsa kuwa ba ya daɗewa a layi.

Wata rana ya dawo daga Kano da jarka biyu, fuskarsa a sake. Ya ce ya samo inda ake sayar da fetur mai babbar lamba, irin wanda motocin manya suke sha. Ya zuba kaɗan a kwalba ya ɗaga a rana, ya shinshina, ya miƙo mini.

"Ka gani? Harawa ce wannan. Da can kara muke ba ta."

Gaskiya ƙas-ƙas ɗin ya ɗan lafa. Yaya ya riƙa shafa sitiyari yana cewa, "Ci, 'yar tsohuwa, ci ki ƙoshi." Amma hayaƙin bai daina ba, a hawa kuma tafiyar hawainiya dai take yi.

Na lallashe shi muka kai ta wurin wani bakanike a Rano, abokinsa tun na ƙuruciya. Ya saurari injin, ya cire fulogi ya nuna mana yadda ya jiƙe da baƙin mai.

"Mutumina, lambar nan ba ƙarfi ba ce," in ji shi. "Haƙurin mai ne, yadda yake jure matsi kafin ya kama. Akwai injin da aka ƙera don shi. Naka ba shi ba ne, kuma cikinsa ya cinye. Sai an sauke shi."

"A yanka ta ke nan," in ji Yaya.

"A'a, a yi mata aiki."

"Kai dai ba ka taɓa kiwo ba. Wata guda nake nema, za ka ga yadda za ta murje."

Bakaniken ya dube ni, na dubi ƙasa. Ƙani ba ya gyara wa wansa magana a gaban mutane. A hanya na gwada yi masa magana, ya ce, "Ka manta san nan mai karyayyen ƙaho da Baba ya tayar?" Ban manta ba. Ni ma, a ƙasan raina, ina jiran ta murje.

Wata ranar kasuwa motar ta tsaya, da tsakar rana, kusa da Rurum, ɗauke da kwandunan tumatir na mutane. Ƙara ɗaya ta yi, baƙin mai ya malale a titi. Fasinja suka sauke kayansu ba wanda ya yi faɗa. Wata dattijuwa ce kawai ta ce, "Sannu, direba," kamar ana ta'aziyya. Da shanun maƙwabcinmu aka janyo ta gida.

Ba a yi mako ba aka ba wani gurbinsa a layi. Yanzu Yaya yana tashar dai, yana kira wa motocin waɗanda suka tsokane shi fasinja. Muryarsa tana da kyau. Motar tana gindin darbejiya a ƙofar gida, awaki suna kwanciya a ƙarƙashinta.

Da malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuta abin da ya tsaya masa a rai, ragowar jarkar nan na tuna. Yaya ne ya kawo mini ita da rani, ya ce in zuba a injin ban ruwa, kada ta lalace. Ya tsaya a bakin lambu na tayar da injin, ya karkata kai yana saurare. Ruwan ya fito yadda yake fitowa kullum.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "To," ya ɗauki jarkar ba komai a ciki, ya kama hanyar tasha.