Na Ɓoye Wa Matata Ciwon Zuciyar Ɗiyarmu

Lokacin da abin nan ya faro ni matashin magidanci ne a Illela, ina sarin albasa a ƙauyukan Tozai ina ƙetare iyaka da ita zuwa Konni. A ganina na wancan lokaci, aikin maigida shi ne ya tare wa iyalinsa tashin hankali, ko da da yin shiru ne.

Ɗiyarmu ta fari tun tana jaririya ba ta iya shan nono sosai. Ta ja kaɗan sai ta saki tana haki, gumi ya jiƙe goshinta, leɓɓanta su yi duhu kamar an shafa musu shuni. Ranar da muka kai ta rigakafi, ma'aikaciyar jinya ta daɗe tana sauraron ƙirjinta, sannan ta ja ni gefe, uwar tana waje tana gyara goyo. Ta ce bugun zuciyar yarinyar bai yi mata ba, ta rubuta takarda in kai ta Sakkwato a yi hoton zuciya kafin sati ya zagayo. Ɗan yayana a ɗakin tiyata ya rasu, ni na ɗauko gawarsa, tun ranar ko warin asibiti ba na so. Da matata ta tambaye ni mi aka ce, sai na ce sanyin ƙirji ne, zai wuce. Takardar kuwa na yayyaga ta.

Kusan shekara biyu na yi cikin fargaba ni kaɗai. Yarinyar ta yi jinkirin fara tafiya, da ta fara kuma taku kaɗan sai ta tsuguna ta huta. In ta yi kuka mai tsanani sai in zuba wa bakinta ido. Ina tsakiyar ciniki waya za ta yi ƙara daga gida, sai in watsar da cinikin in ɗauka. Duk da haka ban buɗe baki ba.

Sai ta yi zazzaɓi da gudawa kwana biyu. Da safe uwar tana ba ta koko, kofin ya suɓuce daga hannun yarinyar, bakinta ya karkace, jikinta ya kama fizga. A motar da ta kai mu Sakkwato ban ɗauke tafina daga ƙirjinta ba, ina jiran in ji bugun zuciyar ya tsaya. Likita ya ce da naƙasa a zuciya aka haife ta, jininta ba ya samun isasshiyar iska har ya yi kauri. Gudawar ta ƙara busar da ita, gudan jini ya je ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. Ya tambaya ko ba a taɓa gaya mana ba. Matata ta ce ko sau ɗaya. Ni kuma na ce an gaya mini. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta dai matsa da kujerarta ɗaya gefen gadon.

Likitan bai ce lallai da an kauce wa abin ba. Ya ce da sun san da ita, da suna bibiyarta, da kuma mun san gudawa a wurinta ba abin jira ba ce. Daga baya an yi mata aikin zuciyar da na guje wa, kuma ta tashi lafiya. Ƙwaƙwalwar ce ba a iya mayarwa. Yanzu tana jan ƙafar dama, kalma ɗaya sai ta yi ta kokawa kafin ta fito. Har yau in ta yi zazzaɓi ba na iya cin abinci.

Matata ta yafe mini, amma ta ce na hana ta yi wa ɗiyarta yaƙi lokacin da yaƙin yake da amfani. Iyaye, in jariri yana haki a nono, ko leɓɓansa suna duhu, ku kai shi a duba zuciyarsa, domin ciwon ba a ƙirji kaɗai yake tsayawa ba. Maza kuma, abin da likita ya faɗa muku ku faɗa wa uwar yadda aka faɗa. Na ɗauka iyalina nake karewa, ashe tsorona nake lallaɓawa, kuma ba ni ne nake jan ƙafa ba.