Ranar da Jira-ni Ta Kai Keke Taron Iyaye

'Yar wana ce, babbar 'yarsa, kuma a hannuna ta yi wayo, don haka in na ce na san ta ba cika baki nake ba. Jira-ni kowa ke ce mata. I'ina ce ta jawo mata sunan. Tun tana 'yar mitsitsiya magana kan maƙale mata a wuya, sai ta ɗaga ɗan yatsa, ta runtse ido, ta ce, "Ji-ji-jira ni." To gidanmu kuwa ba gidan jira ba ne. Mu masu baki ne, ni in na fara zuba ko rediyo sai ya saurara mini. Kafin ta kai ƙarshen zance wani ya ƙarasa mata. In ya dace ta gyaɗa kai, in bai dace ba ma ta gyaɗa kai, don kowa ya huta. Shekara da shekaru yarinyar nan tana shan shayi ba sukari, saboda wata safiya ta fara cewa "ba na son..." ubanta ya cafe da "sukari", alhali zafi ne ba ta so.

Uban nata, Yaya, kafinta ne. Rabin ƙyamaren unguwarmu shi ya kafa su, kuma in kuna tafe a titi sai ya nuna maka su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yansa. Mutumin kirki ne, sai dai gaggawa. Fensir a kunne, tef a aljihu, hukunci a bakin leɓe.

Da ta gama sakandare aka kai ta koyon ɗinki wajen wata mata a layinmu. Wata rana na je karɓar rigata, tun daga waje na ji wata murya tana ta sheƙa labari, ana ta dariya. Na ce wace mai surutu ce kuma aka samu, za ta ƙwace mini sarauta? Ina leƙawa sai ga Jira-ni a kan keken ɗinki, ƙafa na taka feda, baki na zuba, babu ko tuntuɓe ɗaya. Tana ganina ta tsai da ƙafa don ta gaishe ni, sai maganar ta koma gidan jiya: "Gwa-gwa-gwaggo." Na ce taka, 'yar nan, taka. Ta taka, gaisuwa ta fito sumul. Ni dai ban san kan abin ba, abin da na gani nake faɗa: muddin ƙafarta na aiki, harshenta a sake yake. Ranar na koma gida ina dariya ina share hawaye, har na manta rigar.

Bayan ta ƙware ta kama ɗan shago daura da makarantar da ta gama. Shago ne da in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Keke a bakin taga, madubi mai tsaga a gefe, igiya cike da kayan makaranta, buhun ƙyallaye a ƙarƙashin tebur. Ta baya akwai ɗan banɗaki, da ƙyaure mai kyau da sakata, aikin ubanta. Duk lokacin tara in na biyo sai in tarar da 'yan mata sun yi layi har waje. Na ce, "Kai, kasuwa ta buɗe."

Ta yi dariya tana taka feda. "Gwaggo, ba ɗinki ke kawo su ba."

Ban bi ta kai ba, don ina sauri.

Ana nan sai rigima ta tashi a gida a kan Auta, ƙanwarta, wadda ke ajin ƙarshe. Yarinya mai kai, wadda ba a taɓa tashinta don makaranta ba, sai ga ta yau ciwon kai, gobe ciwon ciki, jibi ta kwanta ta juya wa kowa baya. Da safe ko ruwa ba ta sha. Yaya ya tambaye ta sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, shi ke nan ya yanke: ragwanci ne. Ya ce ranar taron iyaye da malamai zai je da kansa ya shaida wa shugabar makaranta ya cire ta, ta zauna ta koyi ɗinki wajen yayarta. Jarrabawar fita kuwa ta kusa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi masa tas, ya ce in je in ji da gidana.

Shagon na nufa da fushina. Na tarar an tashi daga makaranta, 'yan mata sun cika shi maƙil, Auta a kan buhun ƙyallaye ido ya yi ja. A nan Jira-ni ta warware mini komai, tana ɗinki tana magana. Ashe tun wata iska da aka yi bara ƙyamaren banɗakin 'yan mata na makarantar suka ɓalle, ba a mayar ba. Banɗakin kuma filin ƙwallon samari yake kallo. Shi ya sa suke tsallakowa shagonta. To sai aka kafa sabuwar doka, aka riƙa kulle get har a tashi. Daga nan yara suka daina shan ruwa tun safe, in kuma kwanakin wata suka zo, sai zaman gida. Sun gaya wa wata malama, ta ce za a duba.

Na ce, "Shi ne ba wadda ta iya gaya wa ubanta?"

Wata 'yar siririya mai ido a tsaye, Barkono suke ce mata, ta ce, "Gwaggo, ke da kina kamar mu za ki iya?"

Na yi shiru. Ba kasafai hakan ke faruwa ba.

'Yan matan sun riga sun je wajen shugabar makaranta, ta yarda ta ba ɗalibai 'yan mintoci a taron. Matsalar ita ce wa za ta fara. Duk wadda ta miƙe gwaji, da ta zo kan kalmar banɗaki sai ta rufe fuska, sauran su fashe da dariya. Na ce su bar mini, ni zan yi musu. Barkono ta ce, "Allah ya bar mana ke, Gwaggo, amma in kika fara sai an kunna fitila. Kuma maganar tamu ce." Ka ji 'yar banza. Sai suka juya kan Jira-ni, suka ce ba wadda ke faɗin abin tiryan-tiryan kamar Anti, ita ma ai 'yar makarantar ce. Ta tsai da ƙafa, ta nuna keken, ta girgiza kai.

Barkono ta ce, "To a kai keken mana."

Aka yi dariya har da riƙe ciki. Da dariyar ta lafa sai aka ga ba wanda ya kawo wata dabarar.

Ranar taro aka aro baro wajen mai sayar da bulo. 'Yan mata suka ɗora keke, wasu na turawa, wasu na tallafe, Jira-ni na biye da ƙunshin ƙyallaye a ka, ni kuma a baya da lema ina ba masu kallo amsa. Maigadi ya tare mu a get, ya dubi keke, ya dube ni, ya ga ba zai iya ba, ya buɗe.

Zauren ya cika. Iyaye a kan bencina, malamai a gefe, manya a babban tebur. Yaya na layin gaba da fensirinsa a kunne, yana jiran a gama ya ga shugaba. Da ya hango 'yarsa da keke sai ya harare ni, wai ni ce na kitsa. An daɗe ana muhawara a kan launin fentin da za a yi wa get, har wani ya fara gyangyaɗi. Can shugaba ta ce ɗalibai na da magana. Aka turo keke tsakiya. Shugaban iyaye, wani dattijo mai kantin magani, ya sauke tabarau ya ce, "Ɗinki za a yi mana?"

Jira-ni ta jawo kujera. Ta zauna, ta zura zare, ta jera ƙyalle a kan ƙyalle. Ta ɗora ƙafa, keke ya ɗauka.

"Iyayenmu, ina wuni," in ji ta, murya tas. "Labule nake ɗinkawa. Na banɗakin ƙannena ne, don ba shi da ƙofa tun bara. Na san labule ba ya tare iska, ba ya kulluwa, amma shi na iya. Kuna ba su ruwa a gora da safe, suna dawo muku da shi a cike, kuna cewa ba sa jin ƙishi. Suna ji. Tsoron sha suke. Kuna ganin suna fashi duk wata, kuna cewa wasa ne. Ba wasa ba ne, kunya ce. Get ɗin nan kowane launi kuka shafa masa zai yi kyau. Mu dai a fara sa mana ƙofa."

Keke ya ci gaba da ƙara. Sai Barkono ta miƙe ta ce ita ta taɓa suma a aji don ƙishi, aka ce aljanu ne. Wata ta miƙe ta ce su kan yi wa juna katanga da jikinsu, samari na yi musu ihu. Wata ta ce famfon wajen ma ya kafe. Ɗaya bayan ɗaya suke tashi, waɗannan yaran da jiya ba sa iya furta kalmar. Har wani saurayi daga baya ya ɗaga hannu ya ce su ma abin na damunsu, don ƙannensu ne. Iyaye mata suka fara salati, shugaban iyaye ya rasa inda zai sa tabarau.

Ana cikin haka labule ya ƙare. Jira-ni ta yanke zare, keke ya tsaya. Na ɗauka ta gama. Sai na ga ta miƙe tsaye, ta bar keken, ta juya ta fuskanci ubanta.

"Ba-ba-ba..."

Ta ɗaga ɗan yatsa, ta runtse ido, kamar tana 'yar shekara biyar. Wallahi maganar na bakina, na san abin da za ta ce, sai da na cusa gefen mayafi na cije. Yaya ya buɗe baki. Na ga leɓensa ya motsa. Sai ya rufe. Zaure guda, manya da yara, aka zauna ana jiran ta.

"Baba. Auta ba ra-ra-raguwa ba ce. Ƙo... ƙofa take so."

Mutumin da ya sa wa rabin unguwa ƙofa. Ya dubi Auta, ta sunkuyar da kai kamar ranar da ya tambaye ta. Ni kuma tausayinsa ya kama ni duk da fushin da nake yi da shi. Sannan ya zaro tef daga aljihu, ya miƙe, ya ce da maigadi, "Ina banɗakin yake?"

Ya fita, rabin zaure ya bi shi, shugaban iyaye na buga tebur yana cewa ba a rufe taro ba. Labulen Jira-ni aka rataya a ranar. Kafin mako ya zagayo kwamitin iyaye ya kawo katako, aka gyara famfo, Yaya ya kafa ƙyamare da sakata irin ta shagon. Maganar cire Auta ba wanda ya sake ta da ita, shi ma ya yi kamar bai taɓa faɗa ba. Ta zauna jarrabawarta da gorar ruwa a gefe.

Yanzu kowane taron iyaye ɗalibai na da lokacinsu. Sun yi magana a kan fitilar layin makaranta, sun yi a kan kwandastocin da ke yi musu rashin kunya a mota. A shagon suke gwaji, Jira-ni na taka feda tana gyara musu, amma keke bai sake zuwa taro ba. I'inarta na nan, ba inda ta je. Ni ma ba a ba ni lokaci ba har yau, ko da yake na nema.

Kwanan baya na je gidan Yaya da safe, na same shi yana haɗa shayi da kansa. Ya zuba wa kowa, da ya zo kan kofinta sai ya tsaya.

"Ya kike son naki?"

Ta ɗaga yatsa. Ya ja kujera ya zauna, cokali a hannu. Kafin ta gama magana, shayin ya huce, dama haka take son sa. Ta ce a sa sukari, da yawa.